Kafiretar da ba ta tsoron kifewa

A shekarar 1940, ana tsakiyar yaƙin sama tsakanin Ingila da Jamus, matuƙan jirgin Spitfire suna fama da wani ciwon kai. Da zarar matuƙi ya danna hancin jirgi ƙasa da gaggawa, sai injin Merlin ya yi tari ya ɗauke na ɗan lokaci, abokin gaba kuwa ya ƙara gaba. Laifin na kafireta ne. Irin wadda ke cikin janareton gida ce: ɗan kwano mai tara fetur, da abin da ke yawo a kansa yana buɗe hanya yana rufewa. Muddin kwanon yana zaune daidai, lafiya lau. Idan ya kife, mai ya bar inda ake zuƙarsa, daga baya kuma ya dawo ya shaƙe inji. Wata injiniya mai suna Beatrice Shilling ce ta rage matsalar a 1941, da ɗan faifan ƙarfe mai huda a tsakiya wanda ke taƙaita yawan man da ke wucewa.

Masu ƙera ƙananan jiragen wasa sun gaji wannan matsala, kuma tasu ta fi tsanani, domin jirginsu rabin rayuwarsa a kife yake yin ta.

Da farko sun kauce mata ta hanyar sauƙaƙa komai. Injin da Bill Brown na Filadelfiya ya ƙera a farkon shekarun 1930, wanda abokinsa Maxwell Bassett ya yi ta lashe gasa da shi, ba shi da kwano: bututun iska ne da allura guda mai daidaita mai. A 1947 Ray Arden ya fito da fulogi mai ɗan zaren filatinam da ke ci gaba da yin ja muddin yana haɗuwa da man metanol, aka huta da ɗaukar batir da kwayil a cikin jirgi. Shekaru kusan talatin injin mai bugu biyu ya mallaki fili, da ƙararsa mai kama da kukan sauro a cikin kunne.

Sai 1976, kamfanin O.S. na Osaka, wanda Shigeo Ogawa ya kafa a 1936, ya fito da FS-60, inji mai bugu huɗu mai girman cc 10, ana ganin ƙarafunan da ke danna bawul suna rawa a fili. Bai kai tsofaffin ƙarfi ba, ya kuma fi su nauyi. Amma muryarsa ta jirgin gaske ce, kuma ba ta damun maƙwabtan filin wasa kamar ta tsofaffin. Saito da Enya suka biyo baya.

A wannan lokacin ne wasu suka fara ƙera manyan jirage, masu fiffike ya haura mita biyu, kuma metanol ya yi musu tsada. Suka juya wajen injin zarto. Injin Quadra na Kanada daga nan ya samo asali. Mai sare itace yana juya zartonsa ta kowace fuska, don haka kamfanoni irin su Tillotson da Walbro na Amurka sun daɗe da jefar da kwano. A madadinsa akwai 'yan siraran fatu biyu masu motsi: ɗaya tana aikin famfo, ɗaya tana auna man da zai shiga. A kife ko a tsaye, duk ɗaya ne a wurin irin wannan kafireta.

Abin da ya haɗa hanyoyin biyu shi ne dokar hayaƙi. A shekarun 1990 jihar Kalifoniya da gwamnatin Amurka suka matsa wa masu ƙera injin yankan ciyawa, sai Honda ta fito da GX22 da GX31 a 1997, masu bugu huɗu, masu shan fetur zalla, waɗanda ke aiki ko ta ina aka juya su. Masu jirage suka ga banza ta faɗi. A cire murfi, a cire igiyar tayarwa da kuloc, a rage nauyin duk abin da za a iya ragewa, a ɗaura farfela.

Nan ne kafiretar injin Honda ta nuna halinta. An ƙera ta ne don ta ci jarrabawar hayaƙi, mai kaɗan take bayarwa, kuma galibi ba a bar wa mai ita wurin murɗawa ba. Wanda ya sauya ta da ta injin zarto kuwa yakan gamu da abu biyu. Inji mai bugu huɗu sau ɗaya yake zuƙa a zagaye biyu, saboda haka babban maƙogwaro yana rage wa iska gudu, mai ya ƙi tasowa. Ƙaramar kafireta ta fi dacewa da shi, duk da ido yana cewa babba ta fi. Na biyu, famfon fatar nan da numfashin cikin inji yake aiki, kuma a nan ana ɗauko shi ne daga bututun shigar iska, inda yake da rauni, sai an taimaka masa da ɗan sifirin.

Sauran aikin na kunne ne. An ɗaure jirgi ta wutsiya, inji ya yi zafi, mutum ya durƙusa a bayan farfela, ba a gabanta ba, da doguwar sukuddireba. Allurai biyu ne, ɗaya da harafin L ta sulo, ɗaya da H ta cikakken gudu. Yakan fara da buɗe kowacce kamar zagaye ɗaya da rabi. Ya ba da wuta duka, ya riƙa rufe H kaɗan-kaɗan, muryar tana tashi tana wankewa har ta kai ƙololuwa. Sabon shiga a nan yake tsayawa, yana murna. Tsohon hannu yakan koma baya kaɗan har gudun ya ragu da zagaye ɗari biyu ko uku a minti, domin a sama farfela tana samun sauƙi, inji ya ƙara gudu, ya nemi ƙarin mai. Idan bai samu ba sai zafi, sai ɗaukewa.

Sannan ya dawo kan L. Ya bar inji a sulo na ɗan lokaci, ya buɗe wuta farat ɗaya. In ya yi gurnani da baƙin hayaƙi kafin ya tashi, mai ya yi yawa. In ya yi shiru kamar an toshe masa baki ya mutu, mai ya yi kaɗan. Murɗa L tana taɓa H, don haka sai an sake komawa, kuma kowane motsi bai wuce kaurin bakin sukuddireba ba. Wanda ya daidaita injinsa a bakin teku ya tafi da shi kan tsauni, dole ya rage mai, tunda iskar can ba ta da kauri. Wanda ya bar fetur mai gaurayen etanol ya kwana watanni a ciki zai tarar da fatar ta sandare, kuma babu murɗin da zai gyara ta sai sabuwa.

Yau batirin litiyam ya kwashe yawancin ƙananan jirage, Saito kuma yana sayar da injinan fetur masu bugu huɗu, jerin FG, a shirye daga masana'anta. Duk da haka, kafin jirgi mai inji ya tashi, har yanzu akan ga mutum biyu sun ɗaga hancinsa sama, wuta a buɗe duka, sun karkata kai suna ƙirga daƙiƙu goma, suna jiran su ji ko muryar za ta sauya.