Wane Ruwa Fentin Yake Hanawa?

Gidan kawuna a Jos a jikin gangare yake, kuma ɗakin da ke can ƙasa, inda ake ajiye buhunan masara da dankali, rabin bangonsa na baya a binne yake cikin tudu. Da dutse aka yi shi, dutsen nan na Filato da ake fasawa da guduma, aka jera, aka cike tsakani da kwaɓi. Bara waccan, da damina ta ƙarato, kawu ya sayo bokiti biyu na wani farin fenti mai kauri kamar kunun gyaɗa. Mai shago ya ce sunansa wotafuruf, wato mai hana ruwa. Aka goge bangon, aka shafa sau biyu, ɗaki ya yi fes. Kafin Agusta ya fita fentin ya fara tashi, ya yi bororo kamar fatar da ta ƙone. Na sa yatsa na latsa guda, ya fashe, ruwa mai sanyi ya gangaro mini har gwiwar hannu. A bayansa kuma ga wani farin gari manne da dutsen.

Kawu ya ce jabu aka sayar masa. Aka kira wani tsohon magini da ya san gidan tun ana haƙa shi. Ya shafa bangon, ya fita ya zaga ta bayan gida, ya dawo ya ce, "Alhaji, da ka je sayen mai hana ruwa, wane ruwa ka ce musu kana son hanawa?" Kawu ya ce, "Baba, ruwa ai ruwa ne." Tsoho ya girgiza kai.

Tambayar nan ta daɗe tana yi mini yawo, domin na ga harshenmu ya riga ya amsa ta, mu ne muka daina saurara. Bahaushe bai taɓa kiran duk jiƙewar ɗaki da suna ɗaya ba. Idan daga sama ne, ta rufi, yoyo ne, kuma maganinsa a kan soro yake ko a jikin kwano. Idan iska ce ta koro ruwan ya daki bango ta gefe, feshi ne. Idan ƙasa ce da kanta take jiƙe, tabarma ta yi sanyi, buhu ya yi fumfuna ta gindi alhali ko ɗigo bai sauko ba, wannan rima ce, wasu su ce danshi, wasu laima. Idan kuwa ruwa ne ke fitowa kaɗan-kaɗan ta jikin bango kamar a bakin rijiya, sai a ce yana tsattsafowa. Akwai kuma wanda magina ke cewa bango na gumi, ruwan da ke cikin iskar ɗaki ne yake kwanciya a kan dutse mai sanyi, yadda raɓa ke kwanciya a kan ciyawa. Kowanne da hanyar da yake bi, saboda haka kowanne da inda ake tare shi. Sunan da ke jikin bokiti ya haɗa su duka ya yi musu kuɗin goro, mai saye kuma ya tafi gida da zaton ya sayi maganin dukansu.

Kalmar laima ma abin tsayawa ce. A rubuce ba ta da bambanci da laimar da ake riƙewa a tsare kai daga ruwa, wadda ta zo mana daga kalmar Larabci ta tanti, haima. Ɗaya jiƙa ce, ɗaya kariya ce daga jiƙa, kuma duka biyun suna da magana a kan gini: gidan da aka yi wa laima mai faɗi a sama, wato rufi mai baki da indararo mai nisa, da wuya laimar ƙasa ta kama gindinsa.

Shi kansa gindin sunayensa sun yi yawa. Tsofaffi na cewa harsashi, shi ya sa har gobe ake aza harsashin makaranta ko asibiti. Kalmar ta yi kama da harsashin bindiga, amma kunnena ya fi jin ta 'yar'uwar asasi da assasa, waɗanda Larabci ya ba mu. Akwai tushe, wanda muka aro daga itace. Yaran magina na yau kuwa fandeshan suke cewa. Na fi son tushe a wannan magana, don ya faɗi gaskiyar abin: tushe a cikin ƙasa yake, kuma yana shan ruwa. Dutsen Filato da kansa kusan ba ya sha, abin da yake tsotsa bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Kwaɓin da ke tsakanin duwatsun ne hanyar ruwa, da 'yan ramukan da ba su cika ba a tsakiyar bango. Marmara kuwa, jan dutsen da ake sarowa a wurare da dama na ƙasar Hausa, ita kanta ƙofofi gare ta, tana sha kamar soso.

Duk wanda ya taɓa gini a birni ya ji magini na cewa aiki ya kai difisi. Da yawa sun ɗauka sunan wani mataki ne kawai, kamar linta, inda ake tsayawa a huta a nemo kuɗi. Asalinsa haruffa uku ne na Turanci, ma'anarsu shimfiɗar da ke tare danshi. A Ingila tun shekarun 1870 dokokin gini suka fara tilasta sa ta, kuma da faranten dutse ko kwalta ake yi, yau kuma da leda mai kauri, a shimfiɗa ta a kan bango kamar santimita 15 sama da ƙasa don rima ta hau ta tarar da ƙofa a rufe. A wurinmu sunan ya zauna, shimfiɗar kuwa sau da yawa ba a sa ta. Za ka ga gida ya kai difisi ya wuce, babu ko ƙyallen leda a cikinsa.

Turawan da suka ƙirƙiro kalmar wotafuruf su ma kalma biyu gare su, kuma a dokokin gini na Amurka ba a haɗa su. Ɗaya tare danshi ce, wato ruwan da ƙasa ke riƙe da shi ba ya turi. Ɗaya kuma tare ruwan da ya taru yana da nauyi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ruwan da ya taru bayan bango tsawon mita 1, a can ƙasansa yana turi da nauyin da ya kai tan 1 a kan kowace murabba'in mita. Jos kuwa na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, zai zubar da lita 5,000, wato duro 25. A gidan kawu duk wannan a bayan ɗakin nan yake sauka, domin kwanon ba shi da mazurari. Abin da muka sa fenti mai kaurin farce ya tare ke nan, kuma ta ciki.

A nan ne tsohon ya kawo maganar laso, kuma ita ce ta buɗe mini ido. Laso shi ne simintin Bahaushe kafin siminti. Ana haɗa shi da katsi, wato dattin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, a busar, a ƙone, a daka. Da gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fata. Da ruwan dafara mai yauƙi. Sana'a uku ke nan a kwaɓi guda, marina da majema da magina. Da shi ake shafe soraye, da shi kuma ake shafe cikin rijiyoyin rini irin na Ƙofar Mata a Kano, su riƙe ruwan baba ba ya zurarewa. Tsoho ya ce, "Ɗana, a rijiyar rini ruwa a gaban laso yake, kullum danna shi yake yi da jikin rami. A ɗakin nan ruwa a bayan fenti yake, kullum ɓamɓare shi yake yi." Injiniyoyi suna da sunaye na musamman ga waɗannan fuskoki biyu, amma ban ji wanda ya bayyana su a taƙaice kamar haka ba.

Sai makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa bayan an cire gari da kalwa. A jiƙa ta, ruwan ya yi ja-ja, a yayyafa a daɓe ko a kwaɓa a yi shafe da shi. Makuba ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin har abada ba. An san ana sabunta ta, kuma mai gida ya san lokacinta kamar yadda ya san lokacin sharar gona. Ba ta kuma toshe bango ɗungurungum: tana sa feshi ya zame, amma danshin da ya shiga yana samun hanyar fita idan rana ta buɗe. Haka yaɓe yake, haka shafe. Kowace kalma ta faɗi kayan aiki, da wurin da ake sa shi, da yawan kwanan da ake sa ran zai yi. Fenti kuwa baƙuwar kalma ce da ta shigo da ma'anar ado, launin da ake sa wa ƙofa da mota. Da aka ɗaura mata mai hana ruwa, sai muka ɗora mata aikin laso da makuba da dakali gaba ɗaya.

Farin garin da na gani a bayan bororon, magina gishiri suke ce masa, kuma sunan ya dace ƙwarai. Ruwa na narkar da gishirin da ke cikin ƙasa da siminti, ya ɗauko shi, idan ya iso fuska ya bushe sai ya bar shi a nan. A bangon da ba a toshe ba, a waje yake fitowa, tsintsiya ta share. Idan an rufe fuskar, a ƙarƙashin fentin yake taruwa ko a cikin kwaɓin, yana girma yana tura abin da ke kewaye da shi har ya zama gari. Shi ya sa ake cewa gishiri na cin gini. Ruwan da aka hana fita ta ƙasa kuma ba komawa yake yi ba, sama yake ƙara hawa. A ɗakin kawu tabon danshi ya haura inda yake tsayawa a da da kusan kamu biyu.

Ban ce fentin ba shi da amfani ba. A kan bangon bulo ko kankare mai santsi, wanda ba a taɓa shafa masa komai ba, inda ɗan danshi ne kawai kuma an riga an kawar da ruwan waje, yana aiki. Da an kira shi mai rage danshi, da babu wanda zai yi kuka da shi. Amma tsohon bangon dutse mai gargada, mai ɗaruruwan gaɓoɓi, ba wurinsa ba ne.

Da rani ya shiga aka bi maganar tsoho. Aka sa wa kwano mazurari da bututu ya kai ruwa can gaba da gida. Aka haƙe bayan bangon har gindi, aka cike gaɓoɓin da suka zube, aka shafa kwalta ta waje, inda ruwa zai riƙa danna ta da dutse, aka zuba tsakuwa, aka fitar da lambatu ta gefe. A sama aka yi dakali mai gangara, wanda yara suka ɗauka wurin zama ne aka yi musu, alhali aikinsa na fari shi ne nisanta ruwa daga tushe. Kankare fentin ciki ya ci kwana huɗu da buroshin ƙarfe.

Da aka zo shafe ciki, tsoho ya ce farar ƙasa za a sa, kuma nan ma sai da ya tsaya a kan suna. Farar ƙasa biyu ce a bakinmu. Akwai farin yumɓu irin wanda ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, wanda ke fari amma yana bin hannu. Akwai kuma wadda ake samu idan an gasa farin dutse irin na Kalambaina a Sakkwato aka kashe shi da ruwa, wadda ragowar kabayid ta masu walda ma ita ce. Wannan ta biyun tana shan iska ta koma dutse a hankali, tana kashe fumfuna, kuma tana barin bango ya yi numfashi. Ita ya ce a nemo. Ya tsinka ta kamar nono, ya jiƙa bangon, ya shafa siriri sau uku, yana barin kwana tsakani.

Daminar bana na sauka Jos a tsakiyar Agusta, na shiga ɗakin da safe bayan ruwan dare. A kusurwar hagu, can ƙasa, farar ƙasar ta yi duhu kamar faɗin tafin hannu biyu. Da la'asar na koma, wurin ya fara haske daga gefe-gefe. Buhunan suna kan katako, kamu ɗaya daga bango, yadda tsoho ya ce a riƙa ajiye su.