Shibra da Gero: Wani Shafi Daga Tarihin Noma a Ƙasar Hausa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu jawo hankalin masana tarihi zuwa ga wata shaida da ba kasafai ake kula da ita ba. Duk wanda ya fita ta Ƙofar Durɓi da damina ya nufi ƙasar Mani, ba zai rasa ganin shibra a gonakin gero ba. Manomi ya san ta sarai: tana ƙarama ba a rarrabe ta da gero, saboda haka sai ta tsallake noman firi da maimai, sa'an nan ta riga gero nuna, ta kakkaɓe tsabarta a ƙasa tun ba a zo girbi ba.

Binciken Brunken da de Wet da Harlan na 1977 ya nuna cewa shibra barbara ce tsakanin gero da kakansa na daji, wanda har yanzu yake tsirowa a bakin Sahara. Abin tambaya shi ne, me ya sa wannan barbara take haihuwa, alhali alfadari ba ya yi? Amsar tana ga kuromozom, watau 'yan zare-zaren da ke cikin ƙwayar halitta masu ɗauke da gado. Gero yana da 14, kakansa ma 14. Idan an zo samar da iri, bakwai na uwa sukan jeru da bakwai na uba, kowanne da abokinsa, su rabu daidai wa daida.

A nan ne tarihin sha'ir zai taimake mu, don shi ma 14 gare shi. Sha'ir na gida da kakansa na Gabas ta Tsakiya, Hordeum spontaneum, suna haɗuwa su haihu kamar gero da nasa kakan. Amma a 1970, a Jami'ar Guelph ta Kanada, Kasha da Kao suka nuna cewa idan aka haɗa sha'ir da wani danginsa na nesa, Hordeum bulbosum, kuromozom ɗin na dajin sukan ɓace ɗaya bayan ɗaya tun a kwanakin farko, a bar tsiro da bakwai na sha'ir kaɗai. Masu kyautata iri suka mai da wannan hanyar samun tsantsar iri cikin sauri. Sai a 2011 ne masu bincike a Gatersleben ta Jamus suka bayyana dalilin: wani sinadari da ke ƙugun kuromozom, inda ake kama shi a ja lokacin rabuwar ƙwayar halitta, yakan gushe daga na dajin, sai a bar su a baya. Shi ma gero yakan gamu da irin wannan kora idan aka haɗa shi da alkama. In kuwa da doguwar ciyawar nan Pennisetum purpureum mai 28 aka haɗa shi, ɗan yakan zo da 21, ya yi ganye mai yawa amma babu tsaba.

Abin da ya shafi mai tarihi ke nan. An tono gero na gida a kwarin Tilemsi na Mali wanda ya kai shekara 4,500. Tun daga wancan zamani kuromozom bai gina katanga tsakanin gero da daji ba, iska kuwa tana ɗaukar bununi daga nan zuwa can. To, me ya hana gero komawa ciyawa? A ganinmu babban dalili shi ne hannun manomi. Zaɓen zangarniya doguwa mai cikakkiyar tsaba, a ɗaure ta daban a ajiye don iri, aiki ne da aka maimaita kowace kaka shekaru dubbai. Littattafan tarihinmu sun cika da sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma ba mu ga inda suka ambaci wannan ba.

Kuma kada a ɗauka shibra abar ƙi ce kawai. Da yake tana riga gero nuna, talakawa sun sha karya yunwar tsakiyar damina da ita. Haka nan a 1989 Wayne Hanna, a Tifton ta Amurka, ya bayyana wani sabon tushen iri marar bununi mai haihuwa da ya samo daga geron daji, abin da ake bukata wajen yin irin haɗi. Muna roƙon 'yan'uwa malamai da ke tura ɗalibai ƙauyuka neman tarihin baka, su riƙa sa su tambayi dattawa yadda ake fid da iri, da sunayen da kowane gari ke kiran shibra da su.