Zuriyar Pick da Jerin Lambobin da Ake Ajiyewa

Matasan da ke shigowa sana'ar kwamfuta yanzu suna ɗauka cewa da SQL aka fara magana da rumbun bayanai. Mu da muka daɗe a gaban baƙin allo a ɗakin kwamfutocin banki mun san akwai wata zuriya da ta girme shi, kuma har gobe tana bakin aiki.

Tushenta yana kamfanin TRW na Amurka. A 1965 Don Nelson da Dick Pick suka gina wa rundunar sojan ƙasar wani tsari na bin diddigin kayan gyaran jirgi mai saukar ungulu da ake kira Cheyenne. Jirgin bai kai labari ba, an soke shirinsa, amma tsarin ya rayu. A 1973 kamfanin Microdata ya fito da shi kasuwa da sunan Reality, da harshen tambaya mai suna ENGLISH, don ana son akawu ma ya iya tambayar na'ura ba sai ya nemi injiniya ba. A lokacin takardar Edgar Codd ta 1970, wadda ta ɗora rumbun bayanai a kan lissafin rukuni, shekara uku kawai ta yi, Chamberlin da Boyce kuma sai a 1974 suka bayyana SEQUEL, wanda ya zama SQL.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan zuriya ƙarami ne a ido. Idan ka ba da umarnin SELECT, ba a kwaso maka bayanan gaba ɗaya, lambobin da ke buɗe su kawai ake jero maka. Sai ka ce SAVE.LIST ka laƙaba wa jerin suna, ya je ya kwanta a fayil ɗin &SAVEDLISTS&, ranar da ka buƙace shi ka tashe shi da GET.LIST. A UniVerse, ɗaya daga cikin 'ya'yan wannan zuriya, akwai MERGE.LIST, mai ɗaukar jeri biyu ya fitar da na uku ta hanya uku: UNION ya tara duk lambar da ke ɗaya daga cikinsu, INTERSECT ya tsamo waɗanda ke cikin duka biyun, DIFF kuma ya bar maka na jerin farko da babu su a na biyu.

Ga yadda abin yake a daren ƙarshen wata. Jeri na ɗaya asusun da bashinsu ya wuce wa'adi, na biyu asusun da albashi ya shiga yau. INTERSECT ya ba ka waɗanda za a iya cire wa kuɗi. Akwai jeri na uku da sashen bashi ya turo, na mutanen da aka yi wa sassauci, sai ka yi DIFF ka fitar da su. A kowane mataki na'ura tana faɗa maka lambobi nawa suka rage, kana rubutawa a takarda, wanda ke duba aikinka yana iya buɗe jerin ya karanta da idonsa kafin a taɓa kuɗin kowa. Tsofaffin hannu ba sa barin sabon ma'aikaci ya buga DIFF sai ya faɗi da bakinsa wanne jeri ne gaba, domin in aka juya su, waɗanda aka yi niyyar karewa su ne za su fito.

Kamfanonin kam sun sha sauya hannu. VMark mai UniVerse da Unidata suka haɗe a 1998 suka zama Ardent, Informix ta saye ta, IBM ta karɓa a 2001, Rocket Software ta ɗauka a 2009. Ta hanyar banki zuriyar ta iso gare mu, domin manhajar Temenos, wadda aka sani da Globus sannan T24, a kan UniVerse da jBASE, 'ya'yan wannan zuriya, ta tashi, kuma akwai bankuna a Najeriya da suka ɗora aikinsu a kanta.

Ba ina cewa SQL ya gaza ba ne. Amma a tuna cewa INTERSECT da EXCEPT (takwaran DIFF) sai a ƙa'idar SQL ta 1992 suka shiga, Oracle ya daɗe yana kiran nasa MINUS, MySQL kuwa bai samu waɗannan biyun ba sai a 2022. Jerin da aka ajiye shi ma yana da nasa aibin, wanda ba ƙarami ba ne: hoton wani lokaci ne da ya wuce. Wanda ya biya bashinsa da azahar yana nan cikin jerin safiya, jerin ba zai sani ba. Shi ya sa nake ganin tilas a sa kwanan wata cikin sunan kowane jeri, a kuma sake gina shi kafin duk aikin da ya shafi kuɗi.

Duk wanda aka miƙa wa irin wannan tsohon tsari, kada ya yi gaggawar share &SAVEDLISTS& don ya ga sunaye barkatai. Ya nemi tsofaffin ma'aikatan wurin tun suna nan, su faɗa masa wane jeri ne ke ciyar da wane aiki, ya rubuta.