Daga Ƙunshin Dillaliya zuwa Sa Hannun Ɓoye

Tun kafin kasuwar waya ta Farm Centre ta cika Tarauni, Kano ta san cinikin da ake sakaya sunan mai kaya. Matar kulle da larura ta kama takan miƙa wa dillaliya zannuwanta ko tasoshinta, ita kuwa ta ƙulle su a ƙunshi, ta shiga gida-gida. Mai saye ta taya, ta biya, ba ta san daga ɗakin da suka fito ba. Rufin asiri ke nan, kuma shi ne muka yi asararsa tun da aka ɗaure asusun banki da lambar BVN a 2014. Yau ɗan Gyaɗi-Gyaɗi ya tura kuɗin magani ta waya, sunansa ya fito ɓaro-ɓaro.

Maganin wannan matsala ya girme ta. A 1982 Ba'amurke David Chaum ya fito da dabarar lissafi da banki zai sa hannu kan kuɗin kwamfuta ba tare da ya ga lambarsu ba, tamkar buga hatimi a bayan ambulan mai takardar kabon a ciki. Ɗan kasuwa ya tabbatar hatimin na gaske ne, bankin kuma bai san wanda ya kashe ba. Za a ce ɓarayi sun samu mafaka. Amma ai dillaliya ma takan tona mai kayan sata idan magana ta kai gaban alƙali, kuma tsarin da Chaum da abokan bincikensa Fiat da Naor suka gabatar a 1988 yana fallasa duk wanda ya kashe kuɗi ɗaya sau biyu. Kamfanin Chaum, DigiCash, ya karye a 1998, lokacin masu saye ta intanet ba su da yawa.