Tudu da Fadama a Tarihin Yanayin Kwarin Kogin Haɗeja

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Da ya baro ƙasa mai duwatsu ya nufo gabas, sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai cike da jigayin rairayi, waɗanda daga gare su Jihar Jigawa ta samo sunanta a 1991. Waɗannan jigayi su ne suka rarraba ruwan zuwa rassa, kamar Kogin Kafin Hausa da Burum Gana da kuma Marma mai zuwa tafkin Nguru. Tsakanin jigawa da jigawa sai aka sami fadama.

Ruwan sama kusan iri ɗaya yake sauka a tudu da fadama, amma yanayin wuraren biyu ya sha bamban. Rairayin tudu yana saurin ɗaukar zafi da rana, ga shi ba ya riƙe ruwa. A fadama kuwa laka tana riƙe danshi har cikin rani, damshin da ke tashi daga ruwa da ciyawa yana rage zafin iska. Da dare, iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka takan gangaro ta kwanta a kwari. Shi ya sa raɓa ta fi yawa a fadama, sanyin hunturu ma ya fi tsanani a can. Haka kuma goruba da bagaruwa da sauran itatuwan bakin kogi suna tare iskar hunturu da ƙurarta.

Magabata sun san wannan sarai. Tsofaffin garuruwa irin su Auyo da Haɗeja an kafa su a kan tudu kusa da ruwa. Ana noma gero a jigawa, shinkafa a fadama, alkama kuma a lokacin sanyi. In ruwa ya janye, masunta su kama kifi a tafkuna, makiyaya su sauko da shanu.

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun gwada wannan tsari. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, ta Challawa kuma a 1992. Malalar da takan cika fadamu kowace damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana har da rani, abin da ya bai wa kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Wasu wurare suka bushe, wasu ruwa ya cinye gonakinsu. Saran itace ya ƙara buɗe wa iska hanya.

Dattawan da suka ga fadamun nan kafin 1974 suna ta raguwa. Ya kamata malaman makaranta su tura ɗalibai wurinsu, a rubuta sunayen tafkuna da kurmin da suka sani, da inda kowanne yake.