Tarihin Ɗakin Ado a Fadar Sarakunan Faransa

A zamanin dā a ƙasar Turai, ko mai dukiya ba shi da ɗaki na musamman don sa tufafi. Akan ninke riguna a zuba cikin adaka, a ajiye a gindin gado, in gari ya waye mutum ya shirya a nan inda ya kwana. Ɗakin ado irin wanda attajiran duniya suke kwaikwayo har yanzu, mai manyan madubai da kabad da tebur na turare, ya samo kamanninsa ne a fadar Faransa, tsakanin shekarar 1660 da 1789. Labarinsa kuwa ya faro daga madubi.

A wancan lokaci babu mai yin madubin ƙwarai sai mutanen birnin Benis na ƙasar Italiya. Tun cikin 1291 hukumar birnin ta kwashe masu aikin gilashi ta kai su wani tsibiri, Murano, don tsoron gobara. A can suka gwanance wajen shafa wa bayan gilashi kuza da zaiba, har ya riƙa nuna fuska tangaran. Sana'ar ta kawo wa birnin dukiya mai yawa, saboda haka aka kafa doka mai tsanani, cewa kada gwani ya kuskura ya fita da asirin zuwa wata ƙasa.

Sarkin Faransa, Luwi na 14, yana da wani waziri mai suna Kolber, wanda ya ga kuɗin ƙasa suna ta zurarewa zuwa Benis wajen sayen madubai. A cikin 1665 ya kafa gidan yin madubi na sarki, ya aika a asirce aka yaudaro waɗansu gwanaye daga Murano da alkawarin albashi mai tsoka. Ba a daɗe ba biyu daga cikinsu suka mutu farat ɗaya, aka yi ta zargin guba aka ba su, sauran suka tsorata suka koma gida. Amma kafin su tafi Faransawa sun riga sun koyi aikin. Zuwa 1684 an gama wani dogon zaure a fadar Bersai, tsawonsa kusan yadi 80, aka jera masa madubai 357, duka aikin gida. A cikin 1688 kuma suka gano dabarar zuba narkakken gilashi a kan faffaɗan tebur na ƙarfe, suka sami ikon yin madubin da mutum zai ga kansa tun daga ka har ƙafa.

Sarki Luwi ya tare a Bersai a cikin 1682, ya mai da sa tufafinsa wani babban sha'ani na mulki. Kowace safiya wajen ƙarfe takwas da rabi akan tashe shi, sa'an nan a riƙa shigo da mutane kashi kashi bisa ga daraja, da fari 'yan gidan sarauta, bayansu manyan fadawa, har a tara mutum kamar ɗari. Wanda ya fi kowa girma a wurin shi ke miƙa wa sarki taguwa. Ba son gani kaɗai ya sa sarki yin haka ba. Yana yaro manyan ƙasar sun yi tawaye, bai kuwa manta ba. Ya lura muddin suna fada suna rigima a kan wa zai riƙe kyandir, wa zai miƙa riga, ba su da sukunin komawa ƙasashensu su tara mayaƙa.

Matan manya su ma suka ɗauki wannan al'ada. Mace takan zauna gaban tebur da aka lulluɓe da ƙyalle mai kyau, a bisansa ga madubi, ga mataji, ga kwalaben turare da battocin hoda na azurfa. Ana gyara mata gashi tana karɓar baƙi, masu gaisuwa da 'yan kasuwa da masu neman alfarma.

Wadda wannan al'ada ta fi ƙuntata wa ita ce Mari Antuwanet, 'yar sarautar Austiriya, wadda aka kawo Faransa aure a cikin 1770 tana da shekara 14, ta zama sarauniya a cikin 1774. Wata mai yi mata hidima, Madam Kampan, ta ba da labarin wata safiya ta hunturu. An tuɓe wa sarauniya, ana shirin miƙa mata riga, sai wata wadda ta fi mai riƙon daraja ta shigo, tilas aka ba ta rigar. Kafin ta miƙa, wata wadda ta fi ta ta iso, aka sāke. Sarauniya kuwa tana tsaye ta rungume ƙirji tana rawar ɗari.

Wannan ya sa ta nemi ƙananan ɗakuna a bayan turakarta, inda ba mai shiga sai wanda ta kira. A cikin 1781 maginin fada, Risha Mik, ya shirya mata wani ɗan ɗaki mai kusurwa takwas. Bangonsa katako ne fari, an sassaƙa masa furanni an shafa ruwan zinariya, ga madubai, ga gadon hutawa a cikin lungu. A ƙaramin gidanta na Tiriyano kuwa an yi mata madubai masu tasowa daga ƙasa su rufe tagogi, don kada kowa ya leƙo. Fasalin waɗannan ɗakuna ya bi na tsofaffin Rumawa da Yunanawa, gama tun 1748 aka fara tone birnin Pompeyi wanda toka ta binne, mutane suka ga irin gininsu, suka bar lanƙwashe-lanƙwashe suka koma ga miƙaƙƙun layuka da launi mai sanyi, dama da hagu daidai wa daida.

Tufafin kansu suna can a waɗansu ɗakuna dabam, cikin manyan kabad. Kowace safiya akan kawo wa sarauniya wani littafi da aka manna ƙyallen kowace riga a ciki, ta soka fil a kan waɗanda take so, a ɗauko su cikin kwanduna a lulluɓe. Littafin shekarar 1782 yana nan ajiye a gidan adana takardun tarihi na Faris.

To, amma ɗakin da aka rufe ya fi wanda aka buɗe jawo magana. Manyan da aka hana shiga suka ji haushi, suka yi ta baza tsegumi. Kuɗin tufafinta na 1785 ya ninka abin da aka yanka mata har ya wuce, alhali baitulmali ya cika da bashi, talakawa suna kukan tsadar burodi. Ko da yake yaƙe-yaƙe ne suka ci yawancin dukiyar ƙasar, ado shi ne abin da ido ke gani, sai laifin ya hau kanta. Ran 6 ga Oktoba 1789 jama'a suka fasa fadar da asuba, ta tsere ta wata ɓoyayyiyar ƙofa da ke kusa da gadonta. An kashe ta a cikin 1793. A shekaran nan aka fara gwanjon kayan Bersai, aka yi shekara guda ana yi. Da yawa daga cikin teburan da kujerun suka ƙare a gidajen attajiran Ingila, daga can fasalin ya bazu cikin duniya.

Akwai kuma waɗanda tarihi bai cika ambatonsu ba, watau ma'aikatan da suka yi madubin. Tururin zaiba guba ne, yakan sa hannu karkarwa, ya zubar da haƙora, ya gajarta rai. A cikin 1835 wani masani Bajamushe, Libig, ya gano yadda za a shafa azurfa a madadinta, ko da yake an daɗe kafin masana'antu su koma ga dabararsa. Tun kafin nan ƙananan madubai sun yi arha har sun shiga kayan fatake. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a cikin 1851, ya tarar ana sayar da madubin Turai a kasuwa, wanda aka ƙetaro da shi Sahara a kan raƙuma.