Zariya, 1958: Masu Zanen da Suka Waiwayi Gida

A 1958 wasu ɗaliban kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Kokensu shi ne, manhajar da Turawan Ingila suka kawo tana koyar da zane tamkar Afirka ba ta da nata.

A 1960, shekarar samun 'yancin kai, Okeke ya fayyace manufarsu: a riƙe dabarun Turai, amma a ɗebo siffofi daga gida. Shi kansa ya koma ga uli, adon layuka da matan Ibo ke yi a jiki da bango.

Irin wannan waiwaye ya faru a Turai ma. Maria Helena Vieira da Silva ta bar Lisbon zuwa Paris a 1928, amma zanenta ya cika da ƙananan murabba'ai masu tuna wa mai kallo tayil ɗin azulejo na bangayen garinsu.

Tun kafin a kafa kwalejin, maginan Zazzau suna tsara dagi a fuskar zaure, ado mai zaman kansa da ba ya kwaikwayon mutum ko dabba. Ayyukan Okeke da Vieira da Silva suna gidajen tarihi ɗauke da sunayensu. Magini kuwa ba kasafai yake sa hannu ba. Duk zauren ƙasa da aka rushe a Zariya ko Funtuwa don a ɗora bulon siminti, da aikinsa yake tafiya.